Avola: Garin Da Ɗan Lukuti Ya Ciwo Wa Zinare

"Yaya, don Allah ka faɗa min gaskiya," in ji ƙanina muna tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Sirakusa. "Mutane na kashe kuɗi su zo Sisili don su ga dutsen Etna yana hayaƙi. Kai kwana biyu kacal ka samu, ka ce sai Avola. Me aka ajiye a Avola?"

Na ce masa garin wani ɗan kareti ne. Ya dube ni ya yi shiru, sannan ya je ya yanko mana tikiti. Shekararsa shida a Kataniya, wani babban gari a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, ya iya Italiyanci kamar a can aka yanke masa cibiya, amma bai taɓa taka Avola ba. Ni ma ban gaya masa dukkan abin da ke raina ba a lokacin, don maganar ba ta bakin tasha ba ce.

A watan Mayun 2023 ne. Jirgin ɗan ƙarami ne, mai amfani da gas, yana tafe yana rangaji a kan layi guda. Teku na hannun hagu, tana ɓuya tana bayyana, gonakin lemun tsami da na zaitun na hannun dama, an kewaye su da katangar fararen duwatsu da aka jera ba siminti. Da muka shiga yankin Cassibile sai na hango mutane a sunkuye cikin gona, baƙaƙe irinmu, suna cika akwatuna. Ƙanina ya ce lokacin haƙar dankalin turawa ne, duk shekara 'yan Afirka ke taruwa a nan, da 'yan Sudan da na ƙasashenmu na yamma. Na ɗaga musu hannu ta taga, ban sani ba ko sun gani. Kafin rabin awa mun sauka.

Abin da ya kai ni ya samo asali ne ranar Juma'a 6 ga Agustan 2021. Ina zaune a zauren gidanmu a Kano, na yi wanka na sa kaya, ana shirin tafiya masallaci, waya na hannuna ina kallon gasar Olamfik ta Tokyo. A can dare ne, a nan rana tsaka. Wasan ƙarshe ne na kareti, na maza 'yan ajin kilo 75, a zauren Nippon Budokan, wanda aka gina tun gasar 1964 domin wasan judo. Kujerun duk wayam saboda korona, har kana jin saukar tafin ƙafa a kan katifa. A gefe ɗaya Rafael Aghayev na Azarbaijan, zakaran duniya sau 5, gajere mai saurin tsiya, wanda duk mai koyar da kareti ya taɓa nuna wa ɗalibansa bidiyonsa. A ɗaya gefen Luigi Busà na Italiya, mai shekara 33.

Ga wanda bai san wasan ba, minti 3 ake yi, a kan fili mai faɗin mita 8 kowace kusurwa. Naushi mai kyau maki 1 ne, ana ce masa yuko. Hauri a jiki maki 2, waza-ari. Hauri a ka, ko ka kayar da mutum ka bi shi da bugu, maki 3, shi ne ippon. Busà ya samu yuko guda. Shi ke nan. Ya riƙe wannan maki ɗaya kamar mai riƙe da ƙwai a cikin turmutsutsu, Aghayev na kawo hari ta ko'ina, har lokaci ya cika. Aka tashi 1 da 0. Busà ya yi ihu a zauren da ba kowa, ni kuma na miƙe tsaye a zaure, hulata a hannu.

Na yi kareti tun ina sakandare, kuma shekaru da dama ke nan ina koyar da yaran unguwa duk safiyar Asabar a filin wata firamare. Don haka na san sunan Busà tun kafin ranar. Abin da ban sani ba shi ne abin da ya faɗa wa 'yan jarida bayan nasarar: cewa yana ɗan shekara 13 nauyinsa kilo 94 ne, yaro mai ƙiba da son ci, wanda ba wanda ya ga zakara a jikinsa sai mahaifinsa, Nello Busà, wanda shi ne kocinsa. Da na karanta wannan da yamma sai abincin da ke gabana ya fita raina. Zan faɗi dalili nan gaba.

Daga tashar Avola zuwa tsakiyar gari a ƙasa muka taka. Gari ne na mutum kusan dubu 30, ƙananan benaye masu launin ƙasa-ƙasa, tituna miƙaƙƙu. Tsohon garin a kan tudu yake, girgizar ƙasar 11 ga Janairun 1693 ta rushe shi tare da garuruwan wannan kusurwa ta Sisili. Sai aka sauko fili kusa da teku, wani malamin coci mai ilimin gini, Angelo Italia, ya zana sabon gari mai kusurwa shida, da babban dandali a tsakiya. Har yau idan ka bi titin da ya zagaye tsakiyar garin za ka ji kana karya kwana sau shida kafin ka dawo inda ka faro. Dandalin shi ne Piazza Umberto I, babbar cocin garin na kallonsa.

Mun iso da azahar, lokacin da Sisili ke barci. Kantuna a rufe, tagogi a rufe, kyanwa ce kawai ke ƙetare titi. Muka ajiye jaka a masauki, muka yi alwala muka haɗa azahar da la'asar, muka fito neman abin sa wa a baki. Duniya ta fi sanin sunan garin nan ta hanyar inabin Nero d'Avola da ake giya da shi, wannan kuwa ba ruwanmu da shi. Abin da ya shafe mu shi ne almon, ƙwayar da suke kira mandorla, musamman irin da ake ce wa pizzuta saboda tsinin bakinta. A wani ɗan shagon shayi da ya rage a buɗe aka kawo mana granita ta almon da burodi mai laushi. Ƙanƙara ce niƙaƙƙiya, fara sol, a cikin kofin gilashi. Cokalin farko sai da na rufe ido: kamar kunun aya da aka daskarar, amma ya fi shi maiƙo, da wani ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Ana gutsurar burodin a tsoma. Na sha biyu. Ƙanina ya ce su nan karin kumallo suke yi da ita in zafi ya shigo.

Mai shagon dattijo ne mai kaurin hannu. Ya tambayi ƙanina daga ina, ya ce Najeriya, amma yayana musamman ya zo saboda Busà. Sai dattijon ya ajiye tsumman da ke hannunsa. "Gigi!" in ji shi, haka suke taƙaita sunan Luigi. Ya dunƙule hannu ya kai wa iska naushi, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Wannan ban buƙaci tafinta ba. Ya zuba magana kamar ruwan Agusta, ƙanina na tsinto min abin da ya iya: wai ranar garin ba wanda ya yi barcin rana, motoci sun yi ta ham har dare. Ranar ce kuma Italiya ta ci zinare uku, da na Antonella Palmisano a tafiyar kilomita 20, da na maza huɗu masu gudun miƙa sanda na mita 100. Dattijon ya ce sauran biyun na Italiya ne, na Gigi kuwa na Avola ne. Ya ƙi karɓar kuɗin kofi na biyu.

A zaune a nan na ba ƙanina tarihin mutumin, don na ga ya fara sha'awa. An haifi Busà ranar 9 ga Oktoban 1987. Gidansu gidan kareti ne, ƙanwarsa Lorena ma ta wakilci Italiya. Yaron da ake tsokana saboda ƙiba, kafin ya cika shekara 20 ya zama zakaran duniya a Tampere ta ƙasar Finlan, a 2006, a ajin kilo 80. Daga baya ya sauko ajin kilo 75, inda Aghayev ke sarauta, suka zama kamar Kudu da Arewa a gidan dambe, ko'ina aka je sai an haɗa su. A gasar duniya ta 2010 a Belgrade Aghayev ya doke shi a wasan ƙarshe. A ta 2012 a Paris ya rama, ya karɓi kambun duniya karo na biyu. Tsakani ya ci gasar Turai ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. 'Yan jaridar ƙasarsu na masa kirari da Goggon Birin Avola.

Amma duk wannan a lokacin kareti ba ya cikin wasannin Olamfik. Mutum zai ƙare ƙuruciyarsa yana cin duniya, maƙwabcinsa bai sani ba. Sai a Agustan 2016 aka amince a saka shi a gasar Tokyo, saboda Japan ce mai masaukin baƙi kuma daga tsibirinta na Okinawa wasan ya fito. Kafin a je Tokyon ma, a 2019, masu shirya gasar Paris ta 2024 suka fitar da jerin wasannin da za su ƙara ba kareti a ciki. Sannan korona ta zo ta ɗaga gasar da shekara guda. Ka duba lissafin mai shekara 33: ƙofa ɗaya, sau ɗaya za a buɗe ta, mutum 10 kacal a ajinsa, lambobin zinare 8 ne gaba ɗaya a wasan, maza da mata. Ya wuce Stanislav Horuna na Yukren a wasan kusa da na ƙarshe, ya tarar da tsohon abokin karawarsa na jiransa. Ni a ganina an zalunci wasan nan da aka cire shi, kuma har gobe ina kan bakana. Yaran da muke koya wa yanzu ba su da wannan ƙofar ko ɗaya.

Ƙanina ya tambaye ni da me mutum ke cin abinci duk shekarun nan. Tambaya ce mai kyau. A Italiya rundunonin tsaro ke ɗaukar fitattun 'yan wasa aiki, suna biyan su albashi, aikinsu atisaye. 'Yan sanda na da ƙungiyar Fiamme Oro, jami'an kula da haraji da fasa-ƙwauri na da Fiamme Gialle. Busà ya fara da rundunar gandun daji, da aka narkar da ita cikin Carabinieri, rundunar 'yan sandan soja, a 2017 ya koma can. Hukumar wasan tasu, FIJLKAM, wadda ta haɗa judo da kokawa da kareti, tana da cibiyar horo a Ostia kusa da Rum. Wato yaro mai hazaƙa ba sai ya zaɓa tsakanin wasa da tuwo ba. Na tuna ɗalibaina biyu mafiya kyawun hauri da na taɓa samu: ɗaya yana jan A Daidaita Sahu yanzu, ɗaya yana Kantin Kwari yana ɗaukar dila.

Da rana ta yi sanyi garin ya farka. Tsofaffi suka fito da kujeru, mata da kekunan jarirai, matasa a kan ƙananan babura. Muka gangara bakin teku inda tsohuwar ma'aikatar kifin tuna take, rufinta ya zube, dogon bututun hayaƙinta na tsaye. Daga nan muka shiga tambaya ko akwai inda yara ke koyon kareti. Wata mata ta kwatanta mana wani ɗakin motsa jiki a bayan wasu gidaje. Ban je neman Busà ba, ban kuma nemi gidansu ba, baƙo ba ya faɗa wa mutane gida haka kawai. Yaran garin nake son gani.

Tun daga waje na ji abin da ya sa tsigar jikina ta tashi. "Ichi, ni, san, shi!" Ƙirgen da nake yi wa yarana a Kano, da harshen Japan, shi ne ke fitowa ta tagar nan da muryar Ba'italiye. Kwana tara ina ƙasar nan kamar kurma, sai ga wurin da na fi ƙanina jin abin da ake faɗa. Kocin ya ba mu izini, muka cire takalma muka zauna a benci tare da iyaye. Katifu ja da shuɗi, madubi a bango ɗaya, fanka na juyawa, warin gumi da roba. Yara wajen 15, daga masu farar ɗamara zuwa masu kore.

A layin baya akwai wani yaro, ba zai wuce shekara 10 ba, mai kumatu da tumbi, ɗamararsa rawaya ta ɗaure da ƙyar, bakinta biyu gajeru. Ana atisayen shiga da naushin gyaku-zuki, a zura ƙafa a miƙa hannun baya a dawo. Kowa ya yi uku, shi yana na biyu. Fuskarsa ta yi jawur, gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa katifa. Sau ɗaya ƙafarsa ta zame ya dafa ƙasa. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, kocin ya ce "yame", kowa ya tsaya cak. Na zaci zai ce yaron ya koma gefe ya huta. Sai ya tako har layin baya, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya kama ƙafar yaron da hannu biyu ya juya ta kaɗan, ya dafa ƙugunsa ya nuna masa inda ƙarfin ke fitowa. Ya buɗe tafin hannunsa ya ce ya buga. Yaron ya buga. Ya ce a sake. Ya buga, ƙarar ta fito tas. Kocin ya yarfe hannu kamar ya ji zafi, ya juya ga sauran ya faɗi wata magana, ƙanina ya raɗa min: wai wa ke son ya tare wannan? Ba wanda ya yi dariya. Yaron ya koma layinsa yana gyara ɗamara, ƙirji a gaba.

Na tashi na fita waje, don ban so a ga idona.

A bakin teku bayan magariba na gaya wa ƙanina. Ɗana na biyu, mai sunan mahaifinmu, wanda nake kira Babana, haka jikinsa yake. Yana shekara 11 ya matsa sai ya bi ni fili, uwarsa ta kai yadi wajen tela aka ɗinka masa farar riga da wando. Asabar huɗu ya yi. Yara na ce masa ɗan lukuti, ina ji ina kau da kai. A ta huɗun ya kasa riƙe tsayuwa, ya faɗi, fili ya ɗauki shewa. Ni kuma kunya ta kama ni, wai ɗan malam ne ya fi kowa rauni. A gaban yara sama da 20 na ce masa, "Je ka zauna, wannan ba aikinka ba ne." Bai yi kuka ba. Ya je gindin darbejiya ya zauna har muka tashi. A gida ya ninke kayan ya sa a ƙasan akwati, bai ƙara tambayata fili ba. Watanni kaɗan bayan haka na karanta labarin kilo 94. Na gane abin da na yi tun a daren, amma kusan shekara biyu girman kai na uba ya hana ni buɗe baki.

Ƙanina ya daɗe yana jefa tsakuwa a ruwa. Can ya ce, "Yaya, ai yaron yana nan. Ba Tokyo ba ne da za a ce an rufe."

Akwai abin da nake yawan gaya wa ɗalibai game da bambancin kareti da dambenmu. A dambe kisa ake nema, ka kai mutum ƙasa a yi maka kiɗa. A kareti na gasa, ka isa inda za ka iya yin ɓarna, ka tsayar da hannunka. Washegarin nasarar Busà, a wannan zaure dai, Tareg Hamedi na Saudiyya yana kan gaba a wasan ƙarshe na manyan aji, ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran haurin da ya sumar da shi, alƙalai suka ce ya wuce iyaka, aka ba wanda ya suma zinare. Mutane da yawa a gida sun yi ta faɗa a kan hukuncin, ni kuwa na kare shi a majalisa har muryata ta dishe. Ina koyar da riƙe hannu duk Asabar, ban riƙe harshena a kan ɗan cikina ba.

Washegari muka leƙa Noto, tafiyar 'yan mintuna, garin da ya zama na ƙarshe a hannun Musulmi a Sisili kafin ya faɗi a 1091. Gine-ginensa masu ruwan zuma sun cancanci a yi musu rubutu na daban, amma hankalina ba ya wurin. Muka dawo Avola ɗaukar jaka, na sayi almon kilo biyu na tsaraba a wurin dattijon nan, ya ƙara min da dunƙulen da ake dama madarar almon da shi, ya nuna min da hannu yadda ake yi.

A tasha, jirgi ya yi latti. Na matsa ƙarshen dandamali inda ba mutane na kira gida. Uwargida ta ɗauka, muka gaisa, na ce ta ba ni Babana.

"Baba, ina wuni. Ya hanya?"

"Lafiya lau, Babana. Kana ji na?"

"Ina ji."

"Maganar da na faɗa maka a fili ran nan, a gaban yara. Ban kyauta ba. Ka yafe min."

Shiru ya yi tsawo har na duba ko layin ya yanke. Ina jin kukan awaki da muryar mai tallan ruwa a bayansa.

"Ba komai, Baba."

"Asabar ta sama ina gida. In mun idar da asuba tare za mu tafi."

Wani shirun. Sannan ya ce, a hankali, "Kayan sun yi min kaɗan."

"Ka ce wa Umma ta ba ka kuɗin yadi, ka kai wa tela gobe. Ka ce ya yi shi da faɗi, ya bar wurin hauri."

Ƙanina ya ɗaga min hannu daga can, jirgin ya sako kai daga wajen Noto. Na ce wa yaron sai na sake kira daga Kataniya, na saɓa jakar almon a kafaɗa.